Shin maɓallin riƙe birki yana da amfani a motar lantarki?

Malam, kana tambaya ko maɓallin nan mai riƙe birki bayan ka ɗaga ƙafa ado ne kawai. Yana da amfani, amma ba ko'ina ba.

Motocin lantarki da yawa sukan riƙa silalewa gaba da zarar ka saki birki. Wannan na'ura takan danne birkin har sai ka taka totur. A cunkoson shataletalen Ƙofar Ƙaura, ga Keke Napep ta gaba ta baya, ƙafarka za ta huta sosai. Katsina dai shimfiɗaɗɗen gari ne, komawa baya kan gangare bai cika damunmu ba.

Wajen fakin a lungu kuwa, kashe maɓallin, don fizga yake sa mota. Galibi ma ba ya kamawa sai ka ɗaura bel, ƙofa kuma a rufe.