Amsa: yara sun ƙi nutsuwa tunda na fara shiga aji da laftof

Malama sannu da fama, kin ce da kin kunna laftof yara sai su taso su yanyame ki. Nima haka na sha a JHS (ƙaramar sakandare) ɗinmu nan Aboabo tun 2021 da aka fara One Teacher One Laptop, shirin gwamnatin Ghana na ba kowane malami laftof, kwamfuta ɗaya yara fiye da 50, to wa zai zauna?

Abin da nake yi, kafin in buɗe sai na rubuta aiki a allo, in raba su layi-layi, layi ɗaya ya zo minti biyar sauran suna rubutu, wanda ya yi surutu layinsu ne ƙarshe, wallahi su da kansu suke tsawata ma juna. Kuma ki sauke bidiyon tun daga gida ki cika caji, kin san halin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki. Alli dai kar ya bar jakarki.