Neman bayanan kakan da ya rasu a yaƙin Aljeriya

Malam, ka ce kana Abuja, kana neman bayanan kakanka, mutumin Damagaram, wanda ya rasu yana sojan Faransa a yaƙin neman 'yancin Aljeriya na 1954 zuwa 1962. Allah ya jiƙansa.

Ka fara da shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa, inda aka tattara sunayen sojojin da suka mutu a yaƙin, sai dai ka gwada sunan ta fuskoki da dama, domin Faransawa kan rubuta Moussa a madadin Musa. Takardun aikinsa kuwa, ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin Pau a Faransa ake rubuta wa, kuma a ganina lambarsa ta soja, idan dattawan gida sun adana ta, ta fi sunan amfani.