Kwabo da Fam a Bakin Turawan Da

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto cewa kakansa, tsohon akawun jirgin ƙasa, yakan ce "penny wise, pound foolish" duk lokacin da aka sayo kayan banza don arha. Yana son sanin ma'anarta da asalinta.

Malam, sai ka san tsohon kuɗin Ingila kafin ka ji nauyin maganar. Kafin 15 ga Fabrairu 1971, fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12, wato kwabo 240 ke cikin fam. To ka dubi mutumin da ya ƙware wajen tattalin kwabo guda, amma 240 suna zurarewa ta aljihunsa bai sani ba. Shi ake nufi. Zai ƙi sayen kwano ɗaya ya toshe yoyon rufi, damina ta zo ta kayar masa da ɗaki. Maganar ta tsufa, tun ƙarni na 17 tana cikin rubuce-rubucen Turawa. Wasu na fassara ta da "garin neman gira a rasa ido", amma a ganina "araha ba ta ado" ta fi kusa da abin da kakanka ke nufi.

Tana da 'yar'uwa, "in for a penny, in for a pound", wato tunda ka shiga, shiga gaba ɗaya. Bahaushe ya riga ya faɗi tasa: in za ka sha giya, sha ta dubu.

Wata baiwar Allah kuma ta tambayi asalin "sisi", kamar yadda ake cewa "ba ni da ko sisi". Hajiya, Turanci ne ya sha kwana a bakinmu. Sisi daga "sixpence" ne, kwabo shida. Sule daga "shilling", fam daga "pound", kwabo kuwa daga "copper", jan ƙarfen da ake ƙera shi da shi. Ƙasa da su duka akwai anini mai huda a tsakiya, goma ke yin kwabo.

Abin da ke burge ni, Nijeriya ta koma naira tun 1 ga Janairu 1973, a kan naira 2 fam ɗaya, amma harshe bai saki tsohon lissafi ba. Na sha jin dattawa a kasuwar shanu suna ciniki da fam, suna ce wa naira 200 jaka, domin jaka fam 100 ce.