Cizo, sara da tuƙa a Littafi Mai Tsarki

Wani mai karatu daga Jos ya tambaya: "Malam, 'kuka da cizon haƙora' da muke ji a coci, shi ne cizon yatsa da muka sani?"

Ba ɗaya ba ne, ko da yake suna maƙwabtaka. Bahaushe yana cizon yatsa idan abu ya wuce shi, ya koma yana da-na-sani. Yana cije haƙori ko leɓe idan yana daurewa, kamar mai jegon da ake yi wa wankan ruwan zafi. Abin da ke cikin nassi kuwa na uku ne: goga haƙoran sama da na ƙasa har su yi ƙara. Kalmar Helenanci ita ce brugmos, kuma jimlar ta zo sau shida a Matiyu (8:12, 13:42, 13:50, 22:13, 24:51, 25:30), sau ɗaya a Luka 13:28.

Don gane ma'anarta, a dubi waɗanda suke yin haka a sauran wurare. A Zabura 37:12 mugu ne yake yi wa adali. A Ayuba 16:9 da Makoki 2:16 ma alamar gaba ce. A Ayyukan Manzanni 7:54, 'yan majalisa sun yi wa Istifanas haka dab da za su jajjefe shi, kuma babu mai cewa nadama ce ta kama su. Hasala ce tsagwaronta. Saboda haka wanda ya fassara jimlar Matiyu da "da-na-sani" kawai ya kama gefe ɗaya, ya saki ɗaya. A ganina baƙin ciki ne mai haɗe da fushi, irin na wanda aka rufe wa ƙofa yana hangen waɗanda ke ciki. Na yaron nan mai farfaɗiya a Markus 9:18 daban ne: wata kalma aka yi amfani da ita, kuma ciwo ne ya sa shi.

Wata kuma ta rubuto daga Zariya: "Me ya sa ake cewa macizai sun sari Isra'ilawa, alhali maciji haƙori gare shi?"

Ibrananci ya yi amfani da nashak a Ƙidaya 21:6, wadda ma'anarta cizo. Hausa ce ta rarraba aikin: kare da sauro cizo, kunama da zuma harbi, maciji sara. Abin mamakin shi ne sunan maciji kansa daga ciza ya fito, kamar yadda maɗinki ya fito daga ɗinka, wato "mai cizo". Mun ba shi sunan, muka kuma ƙi kiran aikinsa da shi. Mai fassara da ya rubuta "sara" Hausa ya bi, kuma ya yi daidai.

Sai dai akwai abin da ke ɓacewa. Daga tushen nan Ibrananci ya samo neshek, kuɗin ruwan da ake ɗora wa bashi, wanda Fitowa 22:25 ta hana a karɓa daga matalauci. A kunnen masu jin Ibrananci ruwan bashi cizo ne. Mu da "ci" muke faɗinsa, cin riba, don haka wasan kalmar ba ya tsallakowa.

Tambaya ta uku gajeriya ce: "Tuƙa da tauna fa?"

Dabbobi da yawa suna tauna. Tuƙa ita ce dawo da abin da aka haɗiye a sake taunawa, kamar yadda saniya da akuya ke yi a kwance da yamma. Ibranancin ma "hawo da" abincin yake cewa. Firistoci 11 ta gindaya sharaɗi biyu kafin a ci dabba: rababben kofato da tuƙa. Raƙumi, rema da zomo an lissafa su cikin masu tuƙa marasa rababben kofato, alade kuma akasin haka. Masana dabbobi za su ce zomo ba ya tuƙa irin ta saniya; bakinsa ne ba ya hutawa. Wanda ya sa "tauna" a nan ya rushe dokar, don alade ma yana tauna. Kada kuma a haɗa ta da tuƙa tuwo ko tuƙa mota, rubutu kawai suka yi tarayya.

Mai tambayar ya ƙara da Yahaya 6:54, inda ya ji an ce "tauna" ya kamata a sa maimakon "ci". Gaskiya ne aya ta 53 ta yi amfani da kalmar ci ta yau da kullum, ta 54 ta koma trogo, wadda asalinta gaigaya ko ƙurmusa abu mai tauri. Amma Matiyu 24:38 da ita ya faɗi yadda mutanen zamanin Nuhu suke ci, cin abinci zalla. Kafin lokacin Sabon Alkawari kalmar ta riga ta yi laushi, don haka "ci" ba kuskure ba ne, ko da yake malaman ikilisiyoyi suna ja-in-ja a kan nauyin da za a ɗora mata.