Hukuncin cewa mai saye: “Ka biya abin da ka ga dama”

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da rumfar gwanjo a babbar kasuwar Maradi, maiɗakina kuma tana sayar da dambu da zogale a ƙofar gida. Na gani a waya cewa wasu ƴan kasuwa suna barin mai saye ya yanka wa kansa kuɗi domin su jawo jama'a. Ina so mu gwada ranar Juma'a, ni a tufafi, ita a abinci. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, tambayarka ɗaya ce amma mas'ala biyu ce a cikinta, abin da ya raba su kuwa shi ne lokacin da ake sanin kuɗin.

Ta rumfarka mai sauƙi ce. Mutum ya ɗaga riga, ka ce masa “taya”, ya ce jaka ɗaya, ka ce “na sallama”. Da irin wannan ciniki muka tashi, bambancin kawai ka ɗaure wa kanka ba za ka ce “albarka” ba. Shari'a ba ta ce lalle daga bakin mai kaya kuɗi zai fito ba. A hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ne mai sayen raƙumi, kuma shi ya ambaci kuɗin, uƙiya ɗaya (wani ma'aunin kuɗi na wancan zamani). Abin da Allah Ya shar'anta a Suratun Nisa'i, aya ta 29, shi ne yardar juna. In an faɗi kuɗi, ka yarda, kafin ya wuce da rigar, ciniki ya faɗa. Sai dai in ka yi shela cewa ko nawa aka taya za ka sallama, to cika alkawari ya hau kanka, ko da an taya dala ashirin a wandon da ka saro dala ɗari.

Abin da ba ya inganta shi ne a ƙulla ciniki tabbatacce, ya tafi da kaya, a bar kuɗin sai abin da ya yanke daga baya. Shehu Halil a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa sayarwa a kan hukuncin mai saye, ko na wani, ko a kan yardarsa, cikin cinikin garari, wato cinikin da ke da rashin tabbas, idan an lazimta shi. Annabi (SAW) kuwa ya hana cinikin garari, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. In ba a lazimta ba, wato kowa yana da damar fasawa idan aka ambaci kuɗin, babu laifi.

Dambun maiɗakinka ya fi buƙatar natsuwa, domin abin da ya shiga ciki ba a mayar da shi. Idan ta ce a ci a ba da abin da ya sawwaƙa, wannan ya fita daga babin ciniki ya shiga babin kyauta: ta halatta abincinta, mai ci kuma ya yi mata ihsani da abin da ransa ya so. Ya halatta, da sharaɗin da gaske take yi. Malamanmu Malikawa sun san kyautar da ake jiran tukuicinta, har Ibnu Abi Zaidin ya ce a Risala wanda aka yi wa ita ko dai ya biya ƙimarta ko ya mayar, in ta salwanta ƙimar tana kansa. Amma wannan ga wanda bai saki haƙƙinsa ba ne. Wadda ta ce da bakinta “ko nawa ne” ta riga ta saki. In almajiri ya cinye kwanon dala hamsin ya ajiye dala biyar, ba ta da ikon ɓata fuska, balle ta bi shi da magana.

Wannan wurin yana damuna, don a nan zumunci yake yawan tsinkewa a garin nan. Na zauna sulhu tsakanin tela da maƙwabcinsa a kan ɗinkin Salla. Da aka kawo yadi an tambayi telan nawa ne, ya ce “haba, tsakaninmu? Kawo abin da ya samu.” Da aka miƙa masa jaka biyu ya karɓa da hannun hagu, wata uku ba sa gaisawa. A ransa jaka biyar ya yanka, kunya ta hana shi faɗa. Aikin ƙwadago sai da sanannen lada, wanda kuma yake da kuɗi a zuci ya fito da shi tun farko. In kuna tsoron faɗuwa, ku ce “daga dala hamsin zuwa sama”. Hamsin ɗin ciniki ne, abin da ya hau kyauta ne.

Ku kiyayi mayar da kunyar mutane tarko. Kada ka tsaya a kan mutum kana kallon hannunsa a gaban jama'a, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, abin da kunya ta ƙwato kuwa ba daɗin rai ba ne. Kada ka shirya da abokinka ya miƙa jaka biyar a bainar jama'a don na baya su ji nauyi. Wannan ɗan'uwan najashi ne da aka hana, wato mutum ya ƙara kuɗin kaya ba don ya saya ba sai don ya yaudari wasu, kuma algus ne. In kun ce wani kaso na marayu ne, ya isa hannun marayun.

Niyyar jawo masu saye ba ta ɓata komai, neman kasuwa halal ne. Amma in jarin na wani ne, ko kuna tarayya, sai da izininsa, don ba a kyauta da dukiyar mutane. Shi ma mai saye, halal ne ya ba da kaɗan tunda an sake masa, sai dai mai hali da zai ci guminta ya ajiye abin da bai kai kuɗin gawayi ba ya saɓa wa mutunci.

Wallahu a'alam.