Amsa: liyarin nan mai hoton mace

Malam, ka yi tambaya kan shekarun liyari, wato tsohon kuɗin azurfa, da yadda ake ƙera shi da gane na gaske. To, 1780 da ka gani a jikin liyarin da ka tsinta cikin akwatin kakarku a Daura ba lallai shekarar ƙera shi ba ce. A shekarar ce Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda hotonta ke jikinsa, ta rasu, sai aka ci gaba da buga shi da wannan lamba, don 'yan kasuwa sun riga sun amince da fuskarta.

Wajen ƙera shi, ba zubi ake yi ba. Ana murza azurfa ta zama falle, a yanko da'ira, a matse ta tsakanin hatimin ƙarfe biyu. Rubutun gefen kuwa don kada a kankare azurfar ne.

Ɗora shi kan sikeli, giram 28 ya kamata. In ka ga 'yan ƙuraje a jikinsa, ko bai yi ƙara ba da ka ƙwanƙwasa, jabu ne na zubi.