Jinyar Tsofaffi a Gida: Amsoshin Likita ga Masu Karatu

Tambayoyin wannan makon duk a kan jinyar dattawa a gida ne. A Sakkwato, yawanci 'ya'ya mata da matan 'ya'ya ke ɗauke da wannan hidima, don haka da su nake magana.

Tambaya daga Mabera: Likita, Innarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, wata huɗu ke nan tana kwance. Mun ga wani wuri ya yi duhu a ƙasan bayanta. Mu murza da man zafi?

Amsa: Don Allah kada ku murza. Gyambon kwanciya ne yake neman farawa. Idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata a kan ƙashi, jini ba ya isa wurin, sai naman ya fara lalacewa daga ciki tun ba a ga rauni ba. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin kan fi kewayensa duhu, ko ya yi ɗumi ko tauri.

Ku riƙa juya ta duk bayan awa 2, har da dare, kuma kada ta kwanta a kan wurin sai ya washe. A sa filo tsakanin gwiwoyinta, wani a ƙarƙashin ƙauri domin dunduniya ta bar katifa. Mutum biyu su ɗaga ta da zanen gado, kada a ja ta. Da zarar ta yi fitsari ko bayan gida a wanke da ruwan ɗumi, a tsane, a shafa Vaseline. Ledar da ake shimfiɗawa kuwa a rufe ta da zanen auduga, don gumi ma yana cin fata. A ba ta wake, ƙwai, kifi da nono. In fatar ta buɗe, ko ta fara wari, ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti. Kuma ku raba kwana a tsakaninku, wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Tambaya daga Gwadabawa: Baba ya haura 80. Shekaranjiya ya fara sambatu, ba ya gane mu. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce iska.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Mantuwar tsufa a hankali take zuwa, cikin watanni ko shekaru. Rikicewar da ta zo cikin kwana biyu alama ce ta wani ciwo a jiki: ciwon mafitsara, ciwon huhu, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa, tsayawar fitsari, ko wani sabon magani da aka fara ba shi. Tsoho yana iya ɗauke da mummunar cuta jikinsa bai yi zafi ba, don haka rashin zazzaɓi kada ya kwantar muku da hankali. Ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti yau, da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. In yana da ciwon suga kuma yana iya haɗiya, ku ba shi ruwan sukari kafin ku tashi. In baki ya karkace ko hannu ya saki, ku wuce kai tsaye sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Tambaya daga Arkilla: Surukata tana ƙwarewa in tana shan ruwa, har ta fara ƙin sha.

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ruwa tsararo ya fi saurin bin hanyar numfashi, daga nan kuma ciwon huhu ke kamawa. Ki zaunar da ita sosai, haɓarta ta ɗan yi ƙasa, ki ba ta da ƙaramin cokali. Kunu mai ɗan kauri ko fura da aka dama sumul sun fi sauƙin haɗiya. Ban da ɗura, ban da ba ta abu tana kwance ko tana gyangyaɗi. Bayan ta gama ta zauna minti 30, a kuma goge mata baki.

Amma kada a bar ta da ƙishi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Fitsari kaɗan mai duhu da bushewar harshe alamun ƙarancin ruwa ne. Ƙwarewar kanta tana bukatar likita ya duba.

Tambaya daga Wamakko: Kakata ta zame a banɗaki, ta kasa tsayuwa. Mu kira mai ɗori?

Amsa: A'a, hoton ƙashi a asibiti tukuna. In ƙafar ta gajarce ko ta juya waje, akwai yiwuwar ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma irin wannan yawanci aikin tiyata yake bukata. Kada a ja ƙafar, kada a tilasta mata takawa. A ɗauke ta a kwance zuwa asibiti.